Makokin Tela a Kan Takarda: Daga Jos Zuwa Gindin Dala

Duk wanda ya taɓa kai ɗinki cikin azumi ya san halin da teloli ke shiga a goman ƙarshe. Yadi ya taru har ya kusa taɓa rufi, tela ya daina ɗaga waya, mai kaya ya yi ta sintiri ana sallamarsa da "gobe in sha Allahu". To, a ce telan nan ya kwanta ciwon kwana biyu ya cika, saura kwana biyar Sallah. Masu kaya za su zo gaisuwa, don ba yadda za a yi su ƙi zuwa. Za su zauna a tabarma su shafa fatiha, amma kowa yana satar kallon shagon da ke garƙame, inda shaddarsa take a yanke ba a haɗa ba. Wa ke da idon da zai tambaya?

Labarin da wasu ɗalibai uku masu koyon fim a Jos suka ɗauko ke nan domin aikinsu na kammala karatu. Gajeren fim ne na minti goma, a kan matar telan da ta shiga takaba, da ɗanta ɗan shekara 15 wanda iyawarsa ba ta wuce kalmasa da sa maɓalli ba. Daraktar mace ce, kuma ita ta rubuta labarin. Saurayi ɗaya ne ke riƙe kyamara, ɗayan kuma, wanda ya fi su shiru, shi ne mai zane. Kafin su kashe ko sisi a hayar kayan aiki, sai suka zuba fim ɗin gaba ɗaya a kan takarda, suka sa a jaka suka nufi Kano, domin a cikin birni labarin yake faruwa, kuma samarin biyu ba su taɓa kwana a can ba.

Abin da ke jakar shi 'yan fim ke kira sitoribod. Takardu ne da aka ja wa gidaje kamar na dara, shida a kowane shafi, kowane gida faɗinsa 16 tsayinsa 9, daidai da fuskar talabijin ta yanzu. A cikin kowane gida an zana abin da kyamara za ta gani a ɗauka guda: wa ke tsaye, wa ke zaune, daga ina ake kallonsu, kusa ko nesa. Kibiya tana nuna inda mutum zai nufa ko inda kyamara za ta juya. A ƙasa sai a rubuta sautin da za a ji da yawan daƙiƙun da ɗaukar za ta ci. Ba kyan zane ake nema ba. Ko kai da sanda aka yi wa mutum ya wadatar, muddin an gane inda ya fuskanta. A kamfanin Walt Disney na Amurka aka daidaita wannan dabara a farkon shekarun 1930, inda masu zane suka riƙa jera takardu a bango su ga labari tun kafin a motsa shi. Akira Kurosawa na Japan, da ya rasa masu zuba kuɗi, zama ya yi ya zana Kagemusha da fenti, hoto bayan hoto, kafin fim ɗin ya samu fitowa a 1980. Ga ɗalibi kuwa hikimar ba ta da nisa. Takarda araha gare ta, kyamara da fitilu da janareta kuwa kullum ake biyan hayarsu. Gardamar da ba a gama ta a kan takarda ba, a lokeshan za a yi ta, rana tana faɗuwa, 'yan wasa suna jiran abinci.

Jos gari ne da ya saba da masu kyamara. A nan hedikwatar Hukumar Finafinai ta Nijeriya take, wadda aka kafa a 1979, aka kuma naɗa Ali Nuhu shugabanta a Janairun 2024. A nan Cibiyar Koyon Fim ta Ƙasa take tun 1995, ga kwalejin talabijin ta NTA a Rayfield. Ɗaliban sun kalli Shaihu Umar na Adamu Halilu, fim ɗin 1976 da aka ɗauko daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya ɓace shekara da shekaru, aka tsinto shi a 2016, aka gyara a Jamus, aka nuna a bikin finafinai na Balin a 2018. A cikin labarin, uwa ce ta ratsa Sahara tana neman ɗanta, ta same shi, ba ta jima ba ta cika. Rashi dai ba baƙo ba ne a fim ɗin Hausa tun kafin zuwan kaset. Abin da ya zama jiki daga baya shi ne hanya guda ta nuna shi: a kawo fuska dab da kyamara, hawaye ya zubo, sarewa ta tashi, a tariyo baya a ga mamacin yana dariya. Zanen da ya baro Jos ma bai tsira ba. Kusan rabin gidajensa fuska ce da ɗigo-ɗigon hawaye da mai zane ya yi da shuɗin biro.

Da asuba suka bar tashar titin Bauci, cikin sanyin nan na tudu mai tsayin kusan mita 1,200 da ke sa baƙo neman rigar gwanjo tun daren farko. Mota ta wuce Farin Gada, 'yan gwari suna ta sauke kabeji da karas, ta bi ta Mista Ali ta gangara Jengre. Da aka sauka daga tudun aka shiga ƙasar Lere, duwatsu suka ja baya, gonakin masara suka shimfiɗu har Saminaka. Kaka ce, ko'ina buhuna a bakin titi. Mai kyamara ne ya fara lura cewa hasken ya sake. Na Jos da safe yana da taushi, yakan daɗe bai yi zafi ba. Nan kuwa tun kafin hantsi ya dubi ludayi inuwar kowa ta yi baƙi ƙirin. Ya ce duk abin da suka zana da hasken gida a ka, sai an sake duba shi.

A cikin motar aka tayar da gardamar da ta bi su har Kano. Daraktar ta kawo gwajin Lev Kuleshov, malamin fim na Rasha, wanda kimanin shekara ɗari da suka wuce ya ɗauki fuskar ɗan wasa guda wadda ba ta nuna komai, ya jera ta da kwanon miya, sannan da akwatin gawa, sannan da wata mace a kishingiɗe. Masu kallo suka ga yunwa, suka ga baƙin ciki, suka ga sha'awa, alhali fuskar ɗaya ce ba ta canza ba. Hujjarta ita ce ba sai matar telan ta yi kuka ba. A nuna keken ɗinki a lulluɓe, a nuna fuskarta, mai kallo zai ƙarasa sauran. Mai kyamara ya ce wannan zancen aji ne. Mutanenmu in ba su ga hawaye ba cewa za su yi matar ba ta damu ba, wasu ma su ce da hannunta a ciki. Wani dattijo mai fataucin hatsi da ke gidan gaba ya juyo ya ce yaron nan ya fi ta gaskiya.

Mai zane bai tanka ba, sai ya miƙo wayarsa. Wani yanki ne daga Pather Panchali, fim ɗin farko na Satyajit Ray na Indiya, wanda ya fito a 1955. Ray mai zanen talla ne kafin ya zama darakta, kuma da littafin zane-zanensa ya riƙa yawo wurin masu kuɗi yana nuna musu fim ɗin da ke kansa. A yankin, uba ya dawo daga doguwar tafiya bai san 'yarsa Durga ta rasu ba. Yana ta fito da tsaraba, har ya zaro zanen da ya sayo mata. Uwar ta sulale ƙasa, bakinta a buɗe, amma ba muryarta ake ji ba, wani abin goge ne mai siririyar murya ya karɓe kukan. Wayar ta zaga motar har hannun mai hatsi. Daraktar ta ce ga shi nan, ba a ji kukan ba. Mai kyamara ya ce ga shi nan, an ga kukan. Kowa ya tafi da nasa.

Daga Saminaka hanya ta miƙe arewa zuwa Doguwa, ta kutsa dajin Falgore, wanda direbobi suka fi son ratsawa da rana tsaka. Hira ta mutu a motar. A wani shinge jami'in tsaro ya sa aka buɗe jakar, ya zaro takardun yana juyawa, har ya kai shafin da aka zana maza shida ɗauke da makara. Ya daɗe yana kallo, ya ce, "Allah ya jiƙan Musulmi," ya mayar, ya ɗaga wa direba hannu. Bayan Tudun Wada sai Kwanar Ɗangora, sai fadamun shinkafa na Kura da ruwan madatsar Tiga ke ciyarwa, sai hayaƙi da hon na Na'ibawa. Tafiyar kimanin kilomita 300 ce. A-daidaita-sahu ta shigar da su birni ta Ƙofar Mazugal, ta sauke su inda lungu ya fi ƙarfinta.

Gidan gwaggon daraktar suka sauka, a wata unguwa a gindin Dala. Gidan ƙasa ne da aka yi wa shafen siminti, soro biyu kafin a kai tsakar gida, rijiya a kusurwa, bishiyar darbejiya ta leƙo daga maƙwabta. Samarin aka shimfiɗa musu a soron ciki. Gwaggo ba baƙuwar zancen makoki ba ce. Mijinta yana cikin waɗanda suka tafi a Afrilun 2020, lokacin da mace-mace suka yi yawa a Kano ana cikin kullen korona, azumi kuma ya shigo a kai. Daga baya Ministan Lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce an ƙirga mutum 979, kuma rabi ko fiye da haka mai yiwuwa cutar ce sanadi. Ita ba lissafin ta riƙe ba. Abin da ta riƙe shi ne yawancin gaisuwarta ta waya aka yi mata, tabarmin da aka aro suka koma ba a zauna a rabinsu ba.

Bayan isha'i aka baje takardun a tsakar gida, aka haska mata da fitilar waya. Ta sa tabarau, ta bi su gida-gida da yatsa, ba ta gaggawa. A shafi na biyu ta tsaya.

"Wannan me yake sha?"

Mai zane ya ce ruwan leda ne, Gwaggo, ana raba wa masu gaisuwa.

"Da rana? Ba kun ce goman ƙarshe ba ne?"

Aka yi dariya, ya soke. Ta nuna 'yan kunnen da ya maƙala wa matar, ta ce a cire. Mai takaba wata huɗu da kwana goma ba kwalli, ba lalle, ba turare, ba ado ko na anini. Sannan ta kai gidan da suka fi alfahari da shi, inda matar ke tsaye a ƙofar gida tana miƙa hannu, maza suna wucewa da makara ta gabanta. Gwaggo ta cire tabarau ta dubi 'yar ɗan'uwanta. "Ke 'yar nan, a ina kika taɓa ganin haka?" A ciki ake wanka, a ciki ake sa likkafani. A kira mata da 'ya'ya su yi masa addu'a, su yafe masa. Sai maza su shigo su ɗauka, kuma daga bakin soro mace ba ta ƙara taku. A lokacin ne kuka ke ɓarkewa, a lokacin ne kuma manya ke tsawatarwa, a yi haƙuri, addu'a yake bukata. Duk abin da ya biyo baya, sahu da kabbarori huɗu na sallar jana'iza da tafiya maƙabarta, matar da kunne take bin sa, ta bayan katanga.

Ta ƙara musu abin da babu shi a rubutun ko kaɗan. Kafin a watse, wani daga dangi yakan ɗaga murya ya ce duk wanda ke bin mamaci bashi, ko mamaci ke bin sa, ya zo ya ga wane. Ta ce ranar nata mijin, daga inda take zaune ta jiyo wannan sanarwa, kuma a nan ne ta tabbata ya tafi, don mai rai ba a yi masa shelar bashi. Kayan mutane a hannun tela kuwa amana ce, tana cikin abin da za a sauke masa.

Nan labarin ya warware kansa. Daraktar ta shafe watanni tana neman wanda zai yi rashin kunyar tambayar ɗinkinsa a gidan mutuwa, ta gwada maƙwabci, ta gwada wani attajiri, duk suka fito mugaye fiye da yadda take so. Ashe ba sai kowa ya tambaya ba. Shelar ce za ta ɗora nauyin a kan gidan, masu kaya kuma su ci gaba da cewa "a bar shi kawai, Allah ya jiƙansa" da baki, idonsu yana faɗin wani abu dabam. A daren mai zane ya sake shafi uku. Sabon gidan da ya maye gurbin na ƙofa ba fuska a cikinsa: bayan matar ne, tana zaune a tabarma, katanga ta cinye kashi biyu cikin uku na hoton, a ƙasa an rubuta muryar namiji daga waje, daƙiƙa goma sha biyu, ba kiɗa.

Wannan, a ganin mai wannan rubutu, shi ne amfanin kai zane inda abin zai faru. A aji ana koyar da cewa darakta ne ke zaɓar inda kyamara za ta tsaya. A gidan makoki na cikin birni al'ada ta riga shi zaɓa: maza a waje, mata a ciki, soro a tsakani. Fim ɗin da ya yi biris da wannan zai iya yin kyau, amma duk wanda ya taɓa zaman makoki zai ji a jikinsa cewa ƙarya ake yi masa.

Washegari aikin awo aka yi. Mai kyamara ya ɗauko tef ɗin tela, abin da ya samu ke nan, ya auna lungun, ya ga in ya kafa ƙafafun kyamara ba mai iya wucewa, balle makara. Ɗaukar nesa da suka zana ta jama'a cike da titi ta faɗi, sai dai a hau soron maƙwabci a ɗauko daga sama, in ya yarda, don daga can ana hango tsakar gidajen mutane. Soron kansa ya kawo tasa matsalar. Cikinsa duhu ne, ƙofarsa kuma farin haske. In aka daidaita kyamara da ciki, waje ya ƙone, in aka daidaita da waje, mutum ya zama baƙar inuwa. Da farko ya fara lissafin fitilu nawa zai ɗauko. Da ya leƙa ta wayarsa ya ga wani yaro ya gifta ta ƙofar, baƙi sak a cikin farin, sai ya fasa. Ya ce haka ɗan telan zai riƙa shiga da fita, shi kaɗai ne a fim ɗin yake da izinin ɓangarorin biyu.

Sai batun tsayi. Duk zanen farko daga tsaye aka yi shi, yadda mai zane ya saba ganin mutane a kan kujera. Masu makoki kuwa a ƙasa suke. Kyamarar da ta tsaya a kansu tana kallon tsakar hulunansu ne, ta mai da su abin tausayi. Daraktar ta tuno Yasujiro Ozu, wanda a Tokyo Story na 1953, fim ɗin da shi ma mutuwar uwa ce a tsakiyarsa, ya sauke kyamara ƙasa daidai idon wanda ke zaune a tabarmar Japanawa, ya bar ta a nan kusan ba motsi. Suka ɗora waya a kan bulo biyu suka gwada da dattawan da ke hira a ƙofar masallaci, bayan an nemi izini. Daga nan ƙasa abin da ya cika hoton shi ne gwiwoyi, carbi, buta, da jerin takalma. Gaisuwar ma a wannan tsayin ake yin ta: mutum ya tsuguna, "Ya haƙuri?", a amsa, a ɗaga hannu, a shafa, ya tashi wani ya maye. Mai zane ya cika shafi guda da hannaye kawai.

Sun kuma gano cewa Kano, da take kusa da digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, ba ta da dogon almuru. Tsakanin faɗuwar rana da duhu bai fi minti ashirin da 'yan kai ba. Fitowar shan ruwa da suka raba gida takwas ba za ta ɗauku a yammaci ɗaya ba. Aka matse ta ta koma uku.

Maƙabartar Dandolo da ke Goron Dutse samarin ne kaɗai suka shiga. Daraktar ta zauna a cikin a-daidaita a bakin ƙofa. Abin da suka tarar ba ya kama da abin da suka zana, wanda, in za a faɗi gaskiya, daga finafinan Turawa ya fito, da layuka a miƙe da allunan suna. Nan tudun ƙasa ne bayan tudun ƙasa, wasu sun lotsa, wasu da guntun tukunya ko ɗan ƙarfe a ka, yawanci ba suna. Wani tsoho mai haƙa, gatarinsa a kafaɗa, ya nuna musu yadda ake yi: babban rami, sai ƙarami a cikinsa daidai mutum, a kwantar da shi ta dama yana fuskantar alƙibla, a jera itace ko tukwane, a toshe da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, a tura sauran. Da ya ji fim ne, bai yi faɗa ba. Ya dai ce su waɗannan ba su ba kowa izini ba. Mai kyamara ya mayar da wayarsa aljihu.

Da suka fito, daraktar ta dubi wandunansu. Gwiwar mai zane ta yi ja da ƙasa inda ya durƙusa, ƙasar ta shiga har tsakanin yatsun ƙafarsa. Ta ce abin da ita za ta gani ke nan in ita ce matar, kuma abin da mai kallo zai gani ke nan. Aka soke maƙabarta daga fim ɗin ɗungurungum, shafi biyu da rabi. Yaron zai fita da makara, ya dawo da jar ƙasa a gwiwa, uwar ta ga gwiwar kafin ta ga fuskarsa. Mai kyamara, wanda shi ke riƙe da lissafin kuɗi, bai yi musu ba a wannan karon: an huta da hayar motoci, da tara mutum hamsin, da neman wanda zai yarda a naɗe shi a likkafani.

Akwai wata tambaya da Gwaggo ta jefa musu wadda ba ta da amsa a littafin fim. Gidan telan nan, ana sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, ko kwana uku ake yi a tashi? Samarin sun tashi a Jos, garin da aka kafa Izala a 1978, a gidajen da in an yi kwana uku an gama. A unguwar Gwaggo kuwa gidaje da yawa har yanzu ana daka gumba, ana tara malamai. Ƙwaryar gumba ɗaya a kusurwar hoto ta isa ta gaya wa mai kallo ɓangaren da gidan yake, wani ya ji daɗi, wani ya tsuke fuska, hankali ya bar kan matar. Kwana biyar ɗin labarin ya haɗa da ranar uku, ba hanyar kaucewa. Daraktar ta zaɓi a ga ƙwaryar, a rufe da faifai, a hannun wata yarinya da ke wucewa, ba wanda ya ambace ta.

Kafin su juya sun leƙa Zoo Road, inda ofisoshin 'yan Kannywood suka yi yawa. Masana'antar da ta faro da Turmin Danya a 1990 ba ta saba da zane ba. Darakta yakan riƙe ɗaukarsa a ka, a yi sin da yawa a yini, don jari ba ya jira. Wani tsohon hannu a harkar shirya lokeshan ya juya takardun yana murmushi, ya ce a lokacin da suka ɓata suna wannan shi ya gama fim. Amma idonsa ya faɗa kan gida ɗaya, inda uwar ta rungume ɗanta. Ya ce, "Ƙanwata, wannan ba zai wuce ba." Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, ba ta lamuntar namiji da mace su taɓa juna a fim, kuma ɗan shekara 15 ba jariri ba ne, ita kuma 'yar wasan ba ita ta haife shi ba. Ya ba su shawarar da suka rubuta a bangon jakar: takardar makaranta, izinin hukuma, gaisuwa wurin mai unguwa, kuma a sanar da liman tun da wuri, kada mutane su ga makara a lungu su fara salati da gaske.

Rungumar ita ce ƙarshen fim ɗin, don haka sai da aka sake ginin ƙarshen. A wani shagon shayi kusa da nan suka yi shi. Mai takaba ba ta fita sai da lalura, shagon kuma a waje yake. To, keken ne zai shigo. Yaron da abokinsa za su kinkimo Butterfly ɗin uban, su ratsa soron farko, su ratsa na biyu, ƙarfen ƙafarsa yana kartar bango, su dire shi a tsakar gida inda bai taɓa zuwa ba. Ɗauka ɗaya ce doguwa, kyamara tana binsu a baya, ita kaɗai ce ɗaukar da kyamara ke tafiya a duk fim ɗin. Da dare yaron yana taka keke, ɗinkin yana karkacewa, lasifikar tahajjud tana tashi daga masallaci. Uwar tana zaune a bayansa da reza, tana farke abin da ya ɓata, tana miƙa masa ya sake. Tsakanin hannunta da nasa akwai tsawon hannun riga. Mai zane ya yi gidan sau uku kafin tazarar ta yi masa daidai.

Gardamar tariyar baya ce ba ta mutu ba. Mai kyamara yana nan a kan bakansa cewa dole a ga telan da rai ko sau ɗaya, yana dariya da tef a wuya, in ba haka ba wa za a yi wa kuka? Daraktar ta ce ana ganinsa a alli da ya ja a jikin kowane yadi, da sunayen masu kaya da ya rubuta da ajami a bakin ƙyalle. A motar komawa, wajen Tudun Wada, ya karɓi fensir ya zana abinsa da kansa a wata takarda dabam, gida huɗu, mutanensa duk kawuna da sanduna. Suka yi yarjejeniya cewa za a ɗauka a ranar ƙarshe in rana ta rage, kuma a teburin edita za a yanke hukunci. Ya sa takardar a bayan sauran, ya rubuta kuɗin ɗan wasa ɗaya da abincinsa a cikin lissafi.